Sauyin yanayi da haƙƙin masu ci da guminsu: a wuyan wa gyaran zai rataya?

Malamin Makaranta (Daura)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar ƙwadago da waɗanda suka san harkar muhalli, kuma ina roƙon a amsa mini da hujja, domin ƙungiyar ci gaban unguwarmu ta ɗora mini nauyin rubuta matsayar da za mu kai wa shugaban ƙaramar hukuma da wakilinmu a majalisar dokokin jiha.

Babu mai musun cewa yanayi ya canza a ƙasar Daura. Damina takan makara, ta ɗauke bayan an yi shuka, sannan ta sauke ruwa mai yawa a dare ɗaya har ya ci gidaje, zafin Afrilu da Mayu kuwa yana haura maki 40 a ma'aunin zafi. Gwamnati ma ta yarda da haka. A taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Gilasgo a 2021 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa nan da 2060 Najeriya ba za ta riƙa fitar da hayaƙin da ya wuce wanda za a iya shanyewa ba, kuma a watan Nuwamban wannan shekarar ya sanya hannu a Dokar Sauyin Yanayi. Tun daga lokacin muke jin maganar hana sare itatuwa, da barin gawayi a koma girki da gas, da sauya injinan motoci su koma amfani da iskar gas, da kafa sola a ko'ina.

Abin da ya dame ni shi ne, mutanen da waɗannan matakai za su fara taɓa wa tukunya duk ba su da takardar ɗaukar aiki, ba su da albashi, balle fansho. Ina nufin mai amalanken itace da ke shigowa gari kafin hantsi, da matar da ke ƙulla gawayi a leda yara su kasa a ƙofar gida, da mai gyaran janareta, da ɗan acaɓa, da leburan da ke ɗaukar kwanon siminti da tsakar rana, da makiyayin da za a kewaye masa makiyaya da waya a ce wurin dashe ne. Idan aka ambaci haƙƙin ma'aikata, hankalin kowa yakan tafi kan ma'aikacin gwamnati ko na kamfanin mai. Shin waɗannan da na lissafa ma'aikata ne a idon doka, kuma akwai abin da za su iya nema a matsayin haƙƙi idan matakin gwamnati ya kashe musu sana'a? Sannan adalci ne a ce mutumin da ko fanka bai taɓa mallaka ba shi ne zai fara biyan kuɗin gyaran ɓarnar da masana'antun wasu ƙasashe suka shafe fiye da shekara ɗari suna yi?

Tsohon Ɗan Ƙwadago (Katsina)

Wa alaikumus salam, Malam. Wannan tambaya ta daɗe a bakin 'yan ƙwadago, domin su ne suka fara tayar da ita tun kafin ta shiga tarukan muhalli. A farkon shekarun 1990 wani jagoran ƙungiyar ma'aikatan mai da sinadarai a Amurka, Tony Mazzocchi, ya kafa hujja da cewa tun da gwamnati ta ware asusu don tsabtace ƙasar da masana'antu suka gurɓata, to ya wajaba a ware makamancinsa don ma'aikacin da zai rasa aiki idan aka rufe masana'antar. Maganar ta yi ta bunƙasa har Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin sauyi bisa adalci a 2015, kuma a ƙarshen shekarar aka sanya ta a gabatarwar Yarjejeniyar Faris kan sauyin yanayi, wadda Najeriya ta rattaba wa hannu. Abin da ƙa'idojin suka ƙunsa shi ne a zauna da waɗanda abin zai shafa kafin a yanke hukunci, a tanadar musu abin dogaro yayin da sana'arsu ke mutuwa, a kuma koya musu wadda za ta maye gurbinta.

Jamus ta gwada wannan da kuɗi masu nauyi. Da ta yanke shawarar daina samar da wuta da kwal nan da 2038, sai ta ware kuɗin da suka kai yuro biliyan 40 don yankunan da suka dogara da kwal, kuma ramin baƙin kwal na ƙarshe da ta rufe a Disamban 2018 ta shafe shekaru da dama tana rage ma'aikatansa a hankali, wasu ta hanyar ritaya da wuri, wasu ta hanyar sauya musu aiki. Mu ma mun taɓa yin sauyin makamashi a ƙasar nan, sai dai babu wanda ya tuna da ma'aikaci. Kwal ne ya gina Inugu, da shi jiragen ƙasa ke tafiya a da, kuma mahaƙa 21 da 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe a kwarin Iva ranar 18 ga Nuwamban 1949 jininsu ya ƙara wa fafutukar neman 'yanci ƙarfi. Amma da jiragen ƙasa suka koma dizal, yaƙin basasa ya biyo baya, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, sai aka bar ramukan da mahaƙansu suka lalace tare. Kusa da mu akwai masaƙun Kaduna: an rufe KTL a 2002, UNTL ta bi bayanta a 2007, kuma ma'aikata da yawa sun rasu suna jiran haƙƙoƙinsu. Ba sauyin yanayi ya rufe su ba, amma sun nuna yadda muke yi da mutum idan sana'arsa ta mutu.

Misali mafi kusa shi ne cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023. Masana tattalin arziki da na muhalli sun daɗe suna kiran a cire shi, kuma suna da hujja, domin mai motoci uku ya fi mai keke cin moriyarsa. Amma dubi yadda aka jera matakan. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 kuwa sai a Yulin 2024 ya zama doka, bayan fiye da shekara guda, kuma bayan yajin aiki. Motocin gas da aka ce za su rage raɗaɗin sun zo daga baya, wuraren shan gas ɗin ma ba su yawaita a yankinmu ba. Sakamakon da muka gani da idonmu a Katsina shi ne, gidajen da suka sayi tukunyar gas a shekarun baya sun ajiye ta a ƙarƙashin gado saboda tsada, sun koma murhun gawayi. Matakin da ya kamata ya rage hayaƙi sai ya ƙara wa daji nauyi, saboda an fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka abin da nake ba ka shawara ka fara rubutawa shi ne a kawo madadi kafin a kawo hani, kuma a bayyana madadin da farashinsa da ranar zuwansa. Na biyu, kada ku jira manyan ƙungiyoyin ƙwadago su yi muku magana. NLC da TUC suna da ƙarfi a inda ake cire kuɗin ƙungiya daga albashi, alhali alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Najeriya suna cikin sana'o'in da ba su da rajista. Mai amalanken da ka ambata ba shi da kujera a teburin da ake tattauna albashi, kuma ba zai samu ba sai shi da 'yan uwansa sun haɗa kai sun zaɓi mai magana da yawunsu.

Malamar Gona (Mai'aduwa)

Baba, Allah ya ƙara girma, na yarda da yawancin bayaninka, amma ina tsoron kada a fahimci cewa itatuwa za su iya jira har sai gas ya yi arha. Ba za su iya ba, kuma waɗanda ƙarewarsu ta fi cutarwa su ne talakawan da muke son karewa. A ƙauyukan da nake zagayawa, yarinyar da a da take samo itace a bayan gari yanzu sai ta yi tafiya mai nisa, wasu gidajen kuma sun koma ƙona kara da kashin shanu, waɗanda ya kamata su koma gona su zama taki. Matar da ke durƙushe a gaban murhu safe da yamma ita ma aiki take yi, ko da babu mai biyanta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki na cikin gida yana kashe mutane kimanin miliyan 3 a duniya kowace shekara. Idan za a rubuta haƙƙin mai sayar da itace, a rubuta na mai hura shi.

Sai dai hani kaɗai bai taɓa tsayar da gatari ba, yakan mayar da saran ne cikin dare, ya kuma buɗe ƙofar karɓar na goro a hanya. Abin da ya yi aiki yana nan tsallaken iyakarmu, a jihohin Maraɗi da Damagaram na Jamhuriyar Nijar, inda ruwan sama bai kai namu ba. Bayan farin shekarun 1980 manoma suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani. Lokacin sharar gona, maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututturen sabara ko kalgo ko gawo ko aduwa a ƙone, sai manomi ya zaɓi 'yan sanduna masu ƙarfi ya bari, ya datse rassan ƙasa, wani har ya ɗaura tsumma a jiki don a san da mai shi. Tun da saiwar ta riga ta yi zurfi, ba ta buƙatar ban ruwa, kuma cikin shekaru kaɗan ta zama bishiya. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 ta wannan hanya. Gawo ya fi kowanne farin jini saboda yana zubar da ganye da damina, ba ya hana gero rana, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Rassan da ake datsewa su ne itacen girkin gida, rarar kuma mata su sayar.

Abin da ya sa wannan ya yiwu ba dabarar datsewa kaɗai ba ce. A da bishiya ta hukuma ce ko da a gonarka ta tsiro, malamin daji yana iya cin ka tara idan ka taɓa ta, don haka manomi ya gwammace ya kashe ta tun tana ƙarama. Da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata cewa abin da ya raina nasa ne, sai ya zama shi ne mai gadin. A ganina wannan ne haƙƙi na farko da ya kamata Malam ya nema: a rubuta a fili cewa wanda ya raini bishiya a gonarsa yana da ikon cin moriyarta.

Sai maganar ayyukan dashe. Shirin Babbar Koriyar Ganuwa, na dashen itatuwa don tare hamada, da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya yi alkawarin ayyukan yi miliyan 10 nan da 2030, kuma Katsina tana cikin jihohi 11 na Najeriya da yake aiki a cikinsu. Akwai kuma shirin ACReSAL, na farfaɗo da ƙasa a yankunan da ke da ƙarancin ruwa, da Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a Disamban 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Kuɗin ba kaɗan ba ne, amma a tambayi irin aikin da ake samarwa. Na ga wani aikin dashe da aka ɗauki matasa a watan Agusta suka haƙa ramuka, suka dasa, aka ɗauki hoto, aka sallame su. 'Yan ƙalilan da aka bari don ban ruwa da gadi suka yi watanni ɗan kwangila bai biya su ba, suka watse, kafin bazara awaki da ƙishi sun gama da dashen. Wahalar bishiya tana cikin ranin farko da na biyu, don haka a nan ya kamata albashi ya kasance, a kan kari, kuma a ɗaura wani kaso na biyan ɗan kwangila a kan yawan itatuwan da suka rayu. Haka nan kafin a kafa waya a tambayi ardo inda burtali ya bi, domin toshe shi yana jawo rikicin da ya fi ƙarfin malamin gona.

Lauya (Katsina)

Malam, amsar tambayarka ta fuskar doka ta kasu biyu, kuma ɓangare ɗaya ba zai yi maka daɗi ba.

Wanda wani ya ɗauka aiki ma'aikaci ne ko da babu takarda. Dokar Ƙwadago ta 1971 ta amince da yarjejeniyar baka, ta kuma wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba da sharuɗɗan aikin a rubuce cikin wata uku. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi a asusun inshorar ma'aikata na NSITF don biyan wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta a bakin aiki. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin irin waɗannan ƙararraki. Saboda haka matasan da Hajiya ta ce an hana su kuɗin ban ruwa suna da ƙara mai ƙarfi, matuƙar suna da shaidu. Amma dokar mafi ƙarancin albashi ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin da ake biya bisa yawan abin da aka yi, da aikin da ke bin lokaci irin na gona, wato ta cire mafi yawan mutanen da kake magana a kansu.

Mai cin gashin kansa, kamar mai itace da mai gawayi, shi ne doka ta bari a rana. Idan gwamnati ta hana sana'arsa don kare muhalli, babu dokar da ta wajabta a biya shi. Sashe na 17 na Kundin Tsarin Mulki ya yi maganar samar wa kowa hanyar cin abinci da yanayin aiki na mutunci, sashe na 20 ya yi maganar kare muhalli, amma dukansu suna babi na biyu, wanda kotu ba ta tilasta aiwatar da shi. Ta fuskar fili kuma, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 tana biyan diyyar abin da ke kan ƙasa ne, kamar gini da amfanin gona da itatuwa masu amfani. Gonar gero bayan girbi kusan babu abin lissafawa a kanta, mai aron gona da matar da ke noma gayauna kuwa sau da yawa sunansu ba ya shiga jerin tun farko.

Inda nake ganin ƙofa a buɗe shi ne ayyukan da Bankin Duniya ke ba da kuɗinsu. Ƙa'idojinsa sun wajabta a kula da haƙƙin ma'aikatan kwangila, a taimaka wa wanda aikin ya raba da hanyar cin abincinsa ko da ba shi da takardar fili, a kuma samar da hanyar shigar da koke. Mutane da yawa ba su san da wannan ba, shi ya sa ba sa amfani da shi. Ta wajen haɗa kai, rajistar ƙungiyar ƙwadago tana buƙatar aƙalla mutum 50 da dogon bin ofis, amma ƙungiyar gama kai ta fi sauƙi, kuma ana yin rajistarta a matakin jiha.

Maganar zafi ita ce na fi so ka ba muhimmanci, domin ba ta buƙatar kuɗin ƙasashen waje. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2019 ya yi hasashen cewa nan da 2030 zafi zai cinye kusan kashi 5 cikin ɗari na lokutan aiki a Afirka ta Yamma, daidai da ayyuka kusan miliyan 9, kuma manoma da magina ne kan gaba. A farkon Afrilun 2024, cikin azumi, zafi ya kai maki 48.5 a garin Kayes na Mali, wani babban asibitin Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu. Saudiyya ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, Katar kuma daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 da rabi na yamma tun daga farkon Yuni. Dokar Masana'antu tamu ta 1987 ta tsaya kan iska da ruwan sha a cikin masana'anta, ba ta kai ga wanda ke aiki a fili ba. Gwamnatin jiha tana iya sanya sharaɗi a duk kwangilar da ta bayar cewa daga Maris zuwa Mayu a fara aiki bayan asuba, a huta da tsakar rana, a tanadi rumfa da ruwa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tun da ya tabbata a hadisi cewa idan zafi ya tsananta a jinkirta azahar har a sami sanyi. Sai dai a lura da mai buga bulo, wanda ake biya bisa yawan buhunan simintin da ya buga, da masu zubin kankare da dole su gama a yini ɗaya. Idan aka tilasta musu hutu ba a gyara farashin aikin ba, su da kansu za su karya dokar, domin hutun daga aljihunsu zai fita.

Mai Haɗa Sola (Ƙofar Ƙaura, Katsina)

Ina gaishe da manya. Ni ina cikin waɗanda ake cewa sauyin ya amfana, kuma gaskiya ne kasuwa ta buɗe tun da fetur ya yi tsada, musamman wajen masu shaguna da rijiyoyin burtsatse da masu noman rani a Ajiwa da Jibiya. Amma kada a ɗauka cewa duk aikin da ba ya fitar da hayaƙi aiki ne mai mutunci. Yaran da muke aiki da su suna hawa rufin kwano da rana tsaka, da silifa, babu igiyar ɗaurewa, kuma yawancinsu a matsayin masu koyo suke, abin da ake ba su bai wuce na abinci da na mota ba. Idan ɗaya ya faɗo, tausayin maigida ne kawai zai kai shi asibiti.

Batir ya fi wannan haɗari. Wanda ya mutu yakan ƙare a hannun 'yan jari-bola, a fasa shi da guduma, a zubar da ruwansa a ƙasa, a ciro dalma a sayar, wani lokaci a tsakar gidan da yara ke wasa. Mu 'yan Arewa mun san abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka mutu sanadiyyar sarrafa duwatsun zinare a cikin gidaje. Sababbin baturan ma ma'adinansu hannu ne ke haƙo su, a Kwango da ke samar da mafi yawan kobalt na duniya, da kuma Nasarawa, inda 'yan jarida suka tarar da yara a ramukan litiyam. Ya kamata a tilasta wa masu shigo da batir su riƙa karɓar tsoho idan sun sayar da sabo.

Roƙona ga Malam shi ne ya nemi a fara horar da masu gyaran janareta, domin su ne sola ke ƙwace wa kwastomomi, kuma sun riga sun san waya da lissafin wuta. Tashar samar da wuta da iska ta Lambar Rimi, mai injina 37 da ƙarfin megawat 10, ta ɗauki fiye da shekara goma ba ta kammala ba, kuma irin wannan aiki ko an gama shi ba ya ɗorewa sai da ma'aikatan gida da suka iya gyara.

Malamin Makaranta (Daura)

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karu ƙwarai, musamman da bayanin Barista a kan ƙa'idojin Bankin Duniya. Saura tambayata ta ƙarshe, Baba, wadda ba a taɓa ba: manyan ƙasashen da suka jawo matsalar, ya dace mu sanya su a takardar da za ta je ƙaramar hukuma, ko hakan zai zama mun ba shugabanninmu wurin fakewa?

Tsohon Ɗan Ƙwadago (Katsina)

Ka sanya su a sakin layi ɗaya, Malam, kada ya wuce haka. Hujjar tana da ƙarfi, domin Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin duniya. A 2009 ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin dala biliyan 100 kowace shekara zuwa 2020, ba su cika ba sai 2022, kuma kaso mai yawa bashi ne da mu za mu biya. An amince da asusun biyan asara da ɓarna a Masar a 2022, alkawuran farko da aka yi masa a Dubai a 2023 ba su wuce kimanin dala miliyan 700 ba, alhali ambaliyar 2022 kaɗai ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya ta kuma raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu. A taron sauyin yanayi na Baku a 2024 an tsayar da sabon alkawari na dala biliyan 300 a shekara nan da 2035, ƙasashe masu tasowa suka ce ya yi kaɗan, Najeriya na cikin waɗanda suka fito fili suka soki adadin.

Amma shugaban ƙaramar hukuma ba shi da iko a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma idan ka cika takardar da su zai gyaɗa kai ya yarda da kai, ya sallame ka hannu rabbana. Abin da yake da iko a kai shi ne wa za a gayyata kafin a kafa dokar hana sare itace, da sunayen da za su shiga jerin masu aikin dashe, da ko za a biya su a kan kari. Dokar Sauyin Yanayi ta 2021 ta tanadi asusu na musamman, saboda haka ku roƙi ɗan majalisarku ya bi sawun abin da ke isowa jiha ta wannan hanya da ta shirye-shiryen da Hajiya ta ambata, a liƙa lissafin a inda jama'a za su gani.

Malamar Gona (Mai'aduwa)

Ƙari kaɗan a kan lokaci, Malam. Idan kuna son maganar sassaben zamani ta shiga aiki a bana, to zaman ya kasance kafin a fara sharar gona, domin da zarar an sare toho an cinna wuta sai kuma baɗi. Ku nemi dagaci da sarkin noma da ardo su zauna tare da malamin daji, shi ya faɗa da bakinsa a gaban jama'a abin da manomi ke da ikon yi da bishiyar gonarsa. Masu gidajen burodi da masu tsire ma a kira su, tun da su ne manyan masu sayen gungume, kuma murhunsu ne ya fi buƙatar gyara. Mata ba za su zo zauren dagaci su yi magana ba, don haka a shirya nasu zaman daban a makarantar Islamiyya bayan la'asar, a sami malama ta rubuta abin da suka faɗa a haɗa da takardarku. Idan an tsayar da rana ku sanar da ni a nan, zan zo da manoma biyu da suka ga yadda ake datsewar a ƙasar Matamaye ta Nijar su nuna a gona.